Ƙuri'ar Zango: Yadda Tsiraru Suka Zama Masu Raba Gardama a Siyasar Gana

A watan Agustan 1957, wata biyar kacal bayan Gana ta karɓi 'yancin kai, majalisar dokokin ƙasar ta zartar da wata doka da ba a saba ganin irinta ba. Saboda mutum biyu aka yi ta, kuma sunayensu na rubuce a kanta: Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zangon Kumasi, da Alhaji Usman Lardan. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta ba da umarnin a kore su daga ƙasar, su kuma suka garzaya kotu suna cewa su 'yan ƙasa ne, babu mai ikon korarsu. Tun alƙali bai kai ga yanke hukunci ba majalisa ta yi dokar da ta kashe shari'ar, aka tasa ƙeyarsu zuwa Najeriya. Abin da ya jawo musu wannan a fili yake: su ne ke jan ragamar Musulmin Kumasi da suka ƙi bin jam'iyyar CPP mai mulki.

Shekara 67 bayan haka, a watan Disamban 2024, Musulmi ne ya riƙe wa jam'iyya mai mulki tuta a zaɓen shugaban ƙasa. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai doguwar tafiya ta mutanen da ba su taɓa zama masu rinjaye ba, ba su da jam'iyyar kansu, da yawansu ma ba su da ƙauyen da za su nuna su ce nan ne tushensu, amma yau babu ɗan takarar da zai kwana da shirin shiga fadar gwamnati bai leƙa unguwanninsu ba.

Ƙidayar 2021 ta nuna Gana na da mutum miliyan 30.8. Kiristoci su ne kashi 71 cikin ɗari, Musulmi kuma kusan kashi 20. Ta fuskar ƙabila, Akan su ne kusan kashi 46, sai Mole-Dagbani na arewa da ke da kashi 18 da ɗoriya, sannan Ewe da Ga. Sai dai Musulmin Gana ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda bai gane wannan ba zai yi ta kuskuren karanta siyasarsu. Akwai 'yan asalin arewacin ƙasar, irin su Dagomba da Mamprusi da Gwanjawa da Wala, masu ƙasarsu da sarakunansu tun kafin zuwan Bature. Akwai kuma mutanen zango, jikokin baƙin da suka sauka a garuruwan kudu suka zauna.

Goro ne ya fara kawo su. Shekaru aru-aru ayarin fatake daga Kano da Katsina da Barno ke keta ƙasar Borgu da jakuna zuwa Gwanja, su sauke tufafi da fatu da kanwa a kasuwar Salaga, su ɗauko goron da ya fito daga dazukan Asante. A wannan kasuwa ana cinikin bayi ma, kuma da yawa. Da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, sannan yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, sai fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Akara. Cikinsu har da shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru na Salaga, wanda ya rasu a Kete-Krachi a 1934. Wasu kuma da kaki suka zo, domin Turawa sun ɗebi Hausawa aikin soja da na ɗan sanda tun daga Legas. Daga baya gonakin koko da ramukan zinariya suka jawo Mosawa daga ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau, da Zabarmawa daga Nijar, da Kotokoli daga Togo, da Yarbawa da Fulani da Wangarawa. Kowa da harshensa ya zo, amma Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci, har ta zama harshen uwa ga yaran da kakanninsu ba su taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Wanda ya shiga Nima da ke tsakiyar Akara da sassafe zai ga abin da idonsa. Ana idar da sallar asuba masu koko da ƙosai sun riga sun kafa tebur, mai wake da shinkafar da aka dafa da karan dafi tana zuba wa ma'aikata a ganye, yara da allo suna kutsawa ta lungunan da mutum biyu ba sa iya jerawa. Ƙatuwar kwata ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi, kuma duk damina sai ta yi ambaliya. Daga nan zuwa fadar shugaban ƙasa tafiyar 'yan mintoci ce, gidan tsohon shugaba Nana Akufo-Addo na kansa ma a bakin unguwar yake. Kusancin ya isa, amma abin da ke tsakanin masu mulki da mutanen lungun ya daɗe yana da nisa.

Sarkin zango sarki ne da ba shi da ƙasa. A ƙarƙashin sarkin da ya ba kakanninsa masauki yake zaune, kamar yadda Sarkin Zangon Kumasi ke ƙarƙashin Asantehene, sarkin Asante. A ƙasar da ake tambayar mutum garinsu kafin a tambayi sunansa, wannan ba ƙaramin rauni ba ne, kuma shi ya sa mutanen zango suka shiga siyasa da wuri don neman wata madafa.

Ƙungiyar Musulmin Gold Coast, wato Gana kafin 'yancin kai, ta fara ne a matsayin ƙungiyar taimakon juna. Girgizar ƙasar da ta afka wa Akara a 1939 ce ta tura ta fagen siyasa, bayan Musulmi sun koka cewa an mayar da su saniyar ware wajen rabon kayan sake gini. Zuwa 1954 ta rikiɗe ta zama jam'iyya sosai, wadda aka fi sani da MAP. Kujera ɗaya tak ta ci a zaɓen majalisa na 1954, ɗaya kuma a na 1956, amma a unguwannin zango na Akara da Kumasi tana da ƙarfin da ya hana CPP barci, musamman da ta haɗa kai da 'yan adawar Asante na NLM. Korar Amadu Baba da Lardan ita ce amsar farko da gwamnati ta bayar. Amsa ta biyu ta zo a ƙarshen shekarar: dokar da ta haramta duk wata jam'iyya da aka gina kan addini ko ƙabila ko yanki. MAP da NLM da jam'iyyar mutanen arewa da sauran ƙanana suka narke cikin jam'iyyar United Party ƙarƙashin Dakta Kofi Busia. Daga lokacin ba a sake yin jam'iyyar Musulmi a Gana ba.

Abin takaicin shi ne, daga hannun wannan abokin tafiya ne zango ya sha dukan da ya fi kowane zafi. Busia ya zama firaminista a 1969, tattalin arziki na tangal-tangal, rashin aiki ya yi yawa, 'yan kasuwar gida na ƙorafin baƙi sun mamaye ciniki. Ranar 18 ga Nuwamban shekarar gwamnatinsa ta fitar da umarni: duk baƙon da ba shi da takardar zama ya samo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. Mutanen da suka shigo tun zamanin da babu fasfo tsakanin Legas da Akara, wa zai ba su takarda cikin mako biyu? Dubban ɗaruruwa suka fita, akasarinsu 'yan asalin Najeriya, Yarbawa da Hausawa, tare da 'yan Nijar da Togo da Mosawa. An sayar da gidaje da rumfuna da gonakin koko a wulaƙance. An cika manyan motoci da mata da yara da tsofaffi zuwa garuruwan da wasunsu a baki kawai suka san sunansu, an raba miji da mata, an raba uwa da 'ya'ya. Waɗanda suka rage kuwa suka koyi ɓoye asalinsu, wasu suka sauya suna, wasu suka jingina da wata ƙabila ta arewacin Gana don a ƙyale su. Najeriya ta yi irin wannan aika-aika a 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi, cikinsu har da 'yan Gana kusan miliyan ɗaya. Babu ɗaya daga cikin korar biyu da ta gyara tattalin arzikin wanda ya yi ta.

Zango bai manta da 1969 ba. Da aka dawo mulkin farar hula a 1992, jam'iyyar NPP ta fito a matsayin magajiyar Busia, kuma abokan hamayyarta ba su gaji da tuna wa mutane hakan ba. Duk kakar zaɓe sai raɗe-raɗi ya zaga unguwanni cewa idan NPP ta ci za a sake kora. Shugaba Jerry Rawlings na jam'iyyar NDC shi ya kwashi wannan garaɓasa. Tun a zamaninsa na mulkin soja aka kafa sashen kula da makarantun Islamiyya a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, abin da ya buɗe ƙofar koyar da boko da Arabiyya a makaranta ɗaya, da malaman da gwamnati ke biya. A zamaninsa kuma, cikin shekarun 1990, Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah suka zama ranakun hutu na ƙasa. Ga wanda ya tashi a Kano ko Damagaram wannan ba abin labari ba ne. Ga ɗan Kumasi da ya saba roƙon izini a wurin aiki kafin ya je idi, shaida ce cewa ƙasa ta san da zamansa.

Tsarin mulkin 1992 ya riƙe haramcin nan na jam'iyyun addini da ƙabila, ya kuma wajabta wa kowace jam'iyya ta zama ta ƙasa baki ɗaya. Ya ƙara da cewa ba a zama shugaban ƙasa sai da fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa. Waɗannan sharuɗɗa biyu su suka ɗaga darajar ƙuri'ar tsiraru. NPP na da ƙasar Asante a aljihu, NDC na da yankin Volta, sauran kuwa sai an nema. A zagaye na biyu na zaɓen 2008, John Atta Mills na NDC ya kayar da Akufo-Addo na NPP da ƙuri'a dubu 40 da 'yan kai cikin kusan miliyan tara. A 2020 manyan jam'iyyun biyu suka yi kunnen doki a majalisa, kowacce da kujera 137, ɗan takara mai zaman kansa guda ɗaya ya zama mai raba gardama. Inda tazara ta yi ƙanƙanta haka, unguwa ɗaya mai cunkoso kamar Nima ko Madina ko Aboabo na iya juya sakamako.

NPP ta fahimci lissafin. A 2000 John Kufuor ya ɗauki Alhaji Aliu Mahama, injiniya ɗan ƙabilar Dagomba, a matsayin mataimaki, kuma da suka ci ya zama Musulmi na farko da ya hau wannan kujera, ya yi shekara takwas a kanta. Jam'iyyar ta kafa reshe na musamman don zango mai suna Nasara, NDC ma tana da nata. Daga 2008 wanda Akufo-Addo ya riƙe a matsayin mataimaki shi ne Dakta Mahamudu Bawumia, masanin tattalin arziki daga Walewale, ɗan Alhaji Mumuni Bawumia wanda yana cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar mutanen arewa a 1954. Da suka karɓi mulki a 2017 suka ƙirƙiro ma'aikata sukutum don raya zango da tsofaffin unguwannin birni, majalisa kuma ta amince da dokar Asusun Raya Zango. An gina ajujuwa da bayan gida na jama'a, an sa fitilun titi, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a unguwanni da dama. Masu suka sun ce filin ƙwallo ba ya maye gurbin makarantar sakandare ko aikin yi, kuma suna da gaskiya. A wa'adi na biyu, cikin 2021, an rushe ma'aikatar, aka bar asusun.

Akwai abin lura a nan. Aliu Mahama da Bawumia duk 'yan asalin arewa ne, mutanen da babu mai tambayar ko su 'yan ƙasa ne. Jikan Bakatsine ko Bazabarme da aka haifa a Sabon Zango bai kai wannan matsayi ba tukuna. Inda ya fi samun murya shi ne majalisa, ta mazaɓun da zango ya yi rinjaye. Mafi shahara ita ce Asawase a tsakiyar Kumasi, wadda ke zaɓen NDC alhali kusan duk mazaɓun da ke kewaye da ita na NPP ne. Alhaji Muntaka Mubarak ke wakiltarta tun zaɓen cike gurbi na 2005.

Wata hanyar tasirin kuma ba ta bi ta akwatin zaɓe ba sam. Tun 1993 Sheikh Usman Nuhu Sharubutu ke riƙe da muƙamin Babban Limamin ƙasa. An haife shi a Akara a 1919, malamin Tijjaniyya ne, kuma ya shafe shekaru yana yin abin da 'yan siyasa suka kasa. Gidansa da ke Fadama ya zama wurin da kowane ɗan takara ke zuwa neman addu'a, shi kuma bai taɓa ɗaga hannun kowa ba. A watan Afrilun 2019, lokacin cikarsa shekara 100, ya shiga cocin Katolika na Christ the King a Akara ya zauna tare da masu ibada, hoton ya zaga duniya. A 2021 ya ba da gudummawar sidi dubu 50 ga ginin babban cocin ƙasa, a shekarar da aka buɗe babban masallacin ƙasa da Turkawa suka gina a unguwar Kanda. Wasu Musulmi sun ga abin ya yi yawa, sun kuma faɗa. Amma duk lokacin da rikici ya taso tsakanin matasan zango da maƙwabtansu, ko tsakaninsu da 'yan sanda, maganar wannan dattijo ce ke kwantar da ƙura, kuma martabar da ya tara ta zama garkuwa ga al'ummar da ba ta da yawan da za ta kare kanta da shi.

Duk da haka zawarcin da jam'iyyu ke yi wa zango yana da mummunar fuska. Matasan da ba su yi nisa a makaranta ba, ba su da aiki, su ake ɗiba a mayar da su 'yan bangar siyasa. Sai da aka yi harbe-harbe a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a watan Janairun 2019 sannan majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin banga. Sunan da wannan ya jawo wa unguwannin yana da tsada. A watan Yulin 2018 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Asawase ta ɗauki zafi, gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin bai sami hujjar da ke nuna 'yan fashi ba ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya iyalai diyya. Da ba don suna da ɗan majalisa da sarakuna da limamai masu iya buga tebur ba, da wataƙila maganar ta tsaya a rahoton farko na 'yan sanda.

Sai kuma tsohuwar tambayar nan ta asali, wadda ke dawowa duk lokacin da aka buɗe rajistar masu zaɓe ko ta katin ɗan ƙasa. A Gana haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta mayar da mutum ɗan ƙasa, sai ta hanyar iyaye ko kakanni. A 2020 Kotun Ƙoli ta amince a sabunta rajistar zaɓe ba tare da karɓar tsohon katin zaɓe ko takardar haihuwa a matsayin shaida ba, sai fasfo ko katin ɗan ƙasa ko mutum biyu masu tsaya wa mai nema. A takarda dokar ta hau kan kowa. A layin rajista kuwa, mai suna Mensah ko Owusu ba ya shan tambayoyin da mai suna Garba ko Hamidu ke sha, kuma Fulani ne suka fi kowa kokawa da wannan. Jam'iyyar da ke aika shinkafa da sukari zango da azumi, ita ce kuma wakilinta zai tsaya a rumfar rajista yana ƙalubalantar ɗan unguwar cewa baƙo ne.

Zaɓen 7 ga Disamban 2024 ya gwada wata magana da aka daɗe ana yi, cewa Musulmi ɗan'uwansa kawai zai zaɓa. Bawumia ya lashe zaɓen fid da gwani na NPP a Nuwamban 2023, ya zama Musulmi na farko da wata babbar jam'iyya ta tsayar. Abokin karawarsa, John Dramani Mahama, Bagwanje ne daga Bole, kuma Kirista. A karon farko manyan 'yan takarar biyu duk 'yan arewa ne. Amma Bawumia shi ne shugaban tawagar tattalin arzikin gwamnatin da a hannunta hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a ƙarshen 2022, darajar sidi ta zube, ƙasa ta kasa biyan basussukanta har ta nemi rancen dala biliyan uku daga Asusun Lamuni na Duniya. Mai sayar da koko a Nima ta san nawa take sayen mudun gero da gawayi a da, ta san nawa suka koma. Mahama ya ci da kusan kashi 57 cikin ɗari, Bawumia ya tashi da kashi 41 da ɗoriya, kuma mazaɓun zango irin su Asawase da Ayawaso ta Gabas da Ayawaso ta Arewa da Madina duk NDC suka bi. Washegarin zaɓe, tun hukuma ba ta sanar da sakamako ba, Bawumia ya fito ya amsa kaye ya taya Mahama murna, abin da ya kashe wutar da ake fargabar tashinta.

Sabuwar gwamnati ta ba Muntaka Mubarak na Asawase ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda 'yan sanda da hukumar shige da fice ke ƙarƙashinta, ta ba Haruna Iddrisu na Tamale ma'aikatar ilimi, ta kuma ƙara kwana ɗaya a hutun Ƙaramar Sallah.

Fagen da ya rage da zafi yanzu shi ne makaranta. Yawancin fitattun makarantun sakandaren Gana coci-coci ne suka kafa su tun zamanin mishan, amma gwamnati ce ke biyan malamansu, ita ce kuma ke tura musu ɗalibai daga kowane addini. Da azumin 2021 makarantar 'yan mata ta Wesley da ke Cape Coast ta hana wata ɗaliba Musulma yin azumi. Hukumar ilimi ta ƙasa ta ba da umarnin a bar ɗalibai su yi azuminsu, Cocin Methodist mai makarantar ya ce bai yarda ba, ya kafa hujja da cewa dokar makaranta ta hana kowane ɗalibi azumi ko wane addini yake bi. Iyayen zango na ganin 'ya'yansu ba za su fita daga lungu ba sai ta irin waɗannan makarantu, kuma bai kamata a sa yarinya zaɓi tsakanin karatu da ibada ba a makarantar da harajin ubanta ke ɗaukar nauyinta. Coci-cocin kuma na ganin tarbiyyar da ta sa kowa ke rububin makarantunsu ita ake so a warware. A ƙarshen 2024 wani lauya Musulmi ya shigar da ƙara a Kotun Ƙoli, yana neman ta fayyace ko makarantar da gwamnati ke ɗaukar nauyinta na da ikon hana ɗalibi yin addininsa.